Maroƙi Cikin Rigar Shaida



Bara, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke sa mutum ya jawo katifa waje, kuɗin bursi suka faɗo bayan dogon jira. Jarrabawa ta ƙarato, wuta kuma tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama. Duk darussana cikin waya suke: hotunan allo, littattafan da aka turo mana, muryar malami da wani ya naɗa a amfi. In waya ta mutu, karatu ya tsaya. Sai na ce bari in sayi batirin ajiya, wanda muke kira pawa-banki.

Na samu wani mai sayarwa a Facebook. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi ne abin maganarmu ba. A jikin batirin an rubuta 30.000 mAh, kuɗinsa jaka 12. Ƙarƙashin hoton mutane sun cika wuri da yabo. "Kaya masu kyau ne wallahi." "Mutum ne mai amana, ku saya ba shakka." Wani har cewa ya yi yana cika masa waya sau 10 kafin ya mutu. Na karanta, zuciyata ta kwanta, na tura kuɗi, ɗan kabu-kabu ya kawo mini har bakin ƙofar jami'a.

Daren farko ya kai wayata rabi, sai ya mutu. Na ce hala ban cika shi da kyau ba. Na sake sa shi caji ya kwana, gobe ma haka. Ran kwana na huɗu wani abokina mai gyaran waya ya ɓalle murfin a fada, muna shan shayi. Ya leƙa ciki, ya kalle ni, ya fashe da dariya: "Kai, ɗan'uwa, wanga ai rairayi ka saya." Ƙwayar batiri guda ɗaya ce ƴar ƙarama, sai ƙullin leda biyu na rairayi da aka cusa don abin ya yi nauyi a hannu. Na kira mai kayan, lambar ba ta shiga.

Jaka 12 ga ɗalibi ba abin wasa ba ne, kun sani. Amma bayan zafin asarar ya lafa, wani abu ya fi tsaya mini a rai. Ni fa kimiyyar harshe nake karantawa. Aikina ke nan kullum, fiɗar jimla da auna magana. Ga shi ƴan jimloli da ba su kai kalma 10 ba sun yi mini wayo. Sai na koma shafin, na kwafe sharhin nan cikin littafina ɗaya bayan ɗaya, na zauna ina karanta su yadda ake karanta matani a aji. Abin da na fahimta shi na kawo muku.

Yabo na kuɗi ba sabon abu ba ne

Mu Hausawa ba baƙin yabo na kuɗi ba ne. Muna da maroƙa tun kaka da kakanni. Ran biki ko ran suna maroƙi ya miƙe, ya wasa mai gida, ya ambaci iyayensa da kakanninsa, a miƙa masa kuɗi a gaban kowa. Har wani masanin al'umma, M. G. Smith, ya yi rubutu musamman a kan roƙon Hausa a 1957. Ba wanda ke cewa maroƙi ya yaudare shi, domin kowa ya ga hannun da ya bayar da wanda ya karɓa. In maroƙi ya ce da Alhaji giwa, ba wanda zai tafi neman haure. An san kirari ne, da kunnen kirari kuma ake sauraronsa. Haka dillali a kasuwar dabbobi: in yana koɗa sa, ka san akwai la'adarsa a ciki, sai ka rage wani abu daga maganarsa kafin ka taya.

Shaida kuwa daban ne. Shaida shi ne wanda ya gani da idonsa, ba shi da riba ko asara a cikin maganar, aka tambaye shi ya faɗi. Ƙarfin maganarsa duka daga nan yake fitowa. To, sharhin da masu saye ke bari a intanet, a Google Maps ne, a Play Store ne, ko ƙarƙashin hoton atamfa a Facebook, da sunan shaida yake zuwa mana. Yana cewa: ni ma mai saye ne kamarka, na riga ka gwadawa. Sharhin ƙarya shi ne maroƙin da ya ari rigar shaida ya zauna cikin masu saye. Laifinsa ba yabon ba ne, rigar ce.

Kuma kasuwa ce babba a duniya. A watan Oktoba na 2015 kamfanin Amazon ya kai mutum 1.114 ƙara a Amurka, saboda suna tallan rubuta sharhin ƙarya a shafin Fiverr, wasu a kan dala 5 kacal. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba. A 2018 wata kotu a garin Lecce na Italiya ta ɗaure wani mutum wata 9 saboda sayar wa otel-otel da gidajen abinci sharhin ƙarya na TripAdvisor. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kafa doka da ta hana saye da sayar da sharhin ƙarya, har da wanda na'ura ta rubuta, tarar kuma a wancan lokaci tana iya kai dala 51.744 a kan kowane laifi guda.

Me ya sa ake wannan wahala? Kuɗi. Michael Luca, wanda a lokacin malami ne a Jami'ar Harvard, ya bi gidajen abinci na birnin Seattle a wani bincike da ya fito a 2011, ya gano cewa ƙarin tauraro ɗaya a shafin Yelp yana ƙara wa gidan abinci mai zaman kansa ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Inda tauraro ya zama kuɗi, dole a samu masu ƙera taurari.

Labarin da ya fi ba ni dariya shi ne na wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler. Shi da bakinsa ya ce a da yana rubuta wa gidajen abinci sharhin ƙarya a kan fam 10 kowane ɗaya. A 2017 sai ya sa rumfar bayan gidan da yake zaune a TripAdvisor da sunan gidan abinci, The Shed at Dulwich. Ya ɗauki hotunan "abinci" da ya haɗa da kumfar aski da ƙwayar wanke bayi, abokansa suka yi ta zuba yabo. Cikin watan Nuwamba na shekarar, wurin da bai taɓa dafa wa kowa ko shayi ba ya zama na ɗaya cikin gidajen abinci kusan 18.000 na Landan. Mutane suna ta kiran waya suna roƙon a ba su kujera. Da na karanta wannan sai na ɗan ji sanyi: ashe ba ni kaɗai aka sayar wa rairayi ba.

Harshen wanda bai je ba

Yanzu ga tambayar da ta shafi fanninmu. Shin wanda bai taɓa kaya ba, harshensa yana tona shi?

A 2011 wasu masu bincike huɗu, Myle Ott da Yejin Choi da Claire Cardie da Jeffrey Hancock, suka gwada abin a wani aiki da ya fito daga Jami'ar Cornell. Suka ɗauko sharhin yabo 400 na otel 20 a birnin Chicago daga TripAdvisor. Suka biya wasu mutane dala 1 kowane sharhi, su ƙirƙiro wasu 400 a kan otel ɗin nan kamar sun kwana ciki. Sai suka ba ɗalibai uku wani kaso su rarrabe na gaske da na ƙarya. Wanda ya fi ƙoƙari cikinsu ya dace da kusan kashi 62 cikin 100. Wato da kaɗan ya fi mai jefa kwabo sama ya ce kai ko wutsiya. Kwamfutar da aka horar kuwa ta dace da kusan kashi 90. Sun kuma lura cewa mutum ya fi karkata ga gaskata abin da ya karanta. Wannan ni shaida ne a kansa.

Abin da ya fi mini amfani shi ne irin bambancin da suka gani. Wanda ya kwana a otel yana maganar wuri: banɗaki, ƙanƙantar ɗaki, hawa na nawa, kuɗin kwana. Wanda bai je ba yana cike gurbi da abin da ke wajen otel: mijina, hutunmu, tafiyar aiki. Kuma yana yawan cewa ni, ni, ni, kamar mai son a tabbatar lalle ya je. Dalilin a fili yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai shiga ɗakin ba, ba shi da yoyon da zai nuna, sai labarin kansa.

Wancan bincike a kan Ingilishi aka yi shi, a kan otel kuma. Ba za a ɗauko shi a kifa kan Hausa kamar hula ba. Amma da na koma littafina da wannan ido, na ga abin da ya yi kama da shi cikin nahawunmu. Ku duba waɗannan biyu, duka daga shafin da ya cinye mini kuɗi.

Na farko: "Kaya masu inganci ne sosai sosai. Mutum ne mai gaskiya da amana. Wallahi ba za ku yi nadama ba, ku garzaya."

Na biyu, can ƙasa inda ban kai ba ran da na saya: "Na saya ran Talata, na sa shi caji tun magariba har safe, da na jona waya ya kai ta 40 sai fitilar ta mutu. Na kira shi ya ce in ƙara caji, na ƙara, haka dai."

Na farkon a kan dirka yake tsaye: ne, ne. Suna da sifa da dirka, sai umarni a ƙarshe. Babu rana, babu wuri, babu abin da ya faru. Ko sunan kayan babu. Ɗauke shi ka liƙa ƙarƙashin takalmi, ko turare, ko maganin basir, zai zauna daram. Wannan ginin kirari ne, domin kirari ba ya ba da labari, suna yake raɗawa. Ku lura kuma da wanda yake yi wa magana: "ku garzaya". Mai saye na gaske ina ruwansa da ko kun garzaya? Mai kaya ne ke da wannan damuwa.

Na biyun kuwa aikatau ne ke jan sa: na saya, na sa, na jona, ta mutu, na kira, na ƙara. Shuɗaɗɗen lokaci ne jere da juna, ga "da" ga "sai" suna ɗaure abu da abin da ya biyo shi. Akwai Talata, akwai magariba, akwai 40. Ba shi da daɗin karatu, ko waƙafi bai cika ba. Amma haka shaida ke magana a gaban alƙali: abu kaza ya faru, sai kaza ya biyo baya. Kowace gaɓa tasa ana iya gwada ta a ga ko haka ne.

Rantsuwa ma abin lura ce. Ba na cewa duk mai cewa wallahi maƙaryaci ne, mu duka muna faɗi, ni ma na faɗa a takardar nan. Amma in ka ga rantsuwa ta tsaya a gurbin da bayani ya kamata ya tsaya, to a tambaya. Mai Talata da magariba bai rantse ko sau ɗaya ba, bai kuma buƙata ba.

Sai wanda ya ce sau 10 yake cika masa waya. Wannan da na yi lissafin ɗan firamare da na tsira. Batirin wayata 5.000 mAh ne. Raba 30.000 da 5.000, ka samu 6, a kan takarda ke nan. A aikace ba ya kai haka, domin wani kaso na wutar yana salwanta wajen juya ta daga batiri zuwa waya, har abin ya yi ɗumi a hannu. Ko da batirin na gaske ne, da wuya ya wuce sau 4. Ashe lamba ma tana ƙarya. Amfanin lamba shi ne ana iya kama ta, in mai karatu ya yarda ya tsaya ya auna.

Harshe kaɗai bai isa ba

Kada wani ya rufe takardar nan ya ce an ba shi laya. Duk alamar da na lissafa, maƙaryaci ma yana iya karantawa ya gyara. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, da shi da ire-irensa, kowa na iya cewa a rubuta masa sharhi 20 masu Talata da magariba, a sa ɗan ƙorafi a ciki don ya yi kama da gaskiya. Saboda haka bayan an karanta magana, sai a dubi mai maganar da lokacin da ya yi ta.

Da na bi sunayen masu yabon nan ɗaya bayan ɗaya, ga abin da na tarar. Da yawansu cikin kwana biyu suka yi rubutun, bayan shafin ya yi makonni shiru. Ciniki na gaske ba haka yake zuwa ba, ɗigo-ɗigo yake zuwa. Wasu ba su da hoto sai na fure ko na mota, ba su da abokai, ba su taɓa rubuta komai a ko'ina ba sai wannan yabon. Uku daga ciki kuskure ɗaya suka yi a kalma ɗaya: duka sun rubuta "ingaci" maimakon "inganci". Mu da muka yi darasin karin harshe mun san hannu ɗaya in mun gan shi. Hotunan da suka sa kuwa na kamfani ne, fari tas, ba inuwa. Mai saye na gaske a kan tabarma yake ɗaukar hoto, ko kan gado, da wayar caji a gefe.

Kada kuma a ɗauka ƙarya yabo kaɗai take zuwa da shi. Michael Luca ɗin nan da abokin aikinsa Georgios Zervas sun duba gidajen abinci na birnin Boston, aikin ya fito a 2016. Sun ga kusan kashi 16 cikin 100 na sharhin Yelp ya tace su a matsayin abin zargi. Sun ga irin waɗannan sun fi zama a gefe biyu, ko yabo har sama ko suka har ƙasa. Sun kuma ga cewa in gasa ta yi zafi, gidan abinci ya fi samun sukar ƙarya. Wato abokin hamayya ma yana hayar baki. A al'adarmu ma ai maroƙin da ke yabo shi ke zambo. Don haka "ɓarawo ne, kada ku saya" ba tare da an faɗi me aka sata ba, yaushe, nawa, matsayinsa ɗaya da "mai amana ne, ku garzaya". Duka biyun raɗa suna ne.

Gaskiyar da ba ta da amfani

Ga inda na fi son mu tsaya, domin nan ne namu ya bambanta. Da na gama ware na ƙarya, sai na ga sauran da suka rage, waɗanda mutane na gaske suka rubuta, akasarinsu ma ba su taimake ni da komai ba. "Masha Allah." "Allah ya ƙara kasuwa." "Allah ya sa albarka." "Saƙo ya iso, na gode." Ba ƙarya ko ɗaya a nan. Addu'a ce, kuma addu'a abu ne mai kyau. Amma ni da ke riƙe da jaka 12 ina neman sanin ko batirin yana aiki, me na samu? Illa ma sun ƙara yawan taron, ni kuma yawan taron ne ya ruɗe ni.

A aji mun karanta Paul Grice, wanda a 1975 ya fitar da ƙa'idoji huɗu da masu zance ke tsammani daga juna: faɗi gaskiya, faɗi gwargwadon abin da ake buƙata, faɗi abin da ya shafi maganar, faɗi shi a fili. Sharhin ƙarya ta farko yake karyawa. "Allah ya ƙara kasuwa" bai karya ta farko ba, amma ga mai neman saye bai cika ta biyu da ta uku ba. Dalili kuwa, ba da mai saye yake magana ba, da mai kaya yake. Gaisuwa ce irin wadda muke yi in mun wuce ta gaban shago. Intanet ne ya ɗauki gaisuwar ya jera ta a layin shaida.

Sai kuma gaggawa. "Saƙo ya iso, yana da kyau" ran da aka kawo kaya ake rubuta shi, kwali ma ba a yar ba. Wannan shaida ce a kan ɗan kabu-kabu da kwali. Batiri, takalmi, waya ƴar hannu, man shafawa, duk sai an kwana da su ake sanin halinsu. Sharhin wanda ya yi wata biyu da kaya ya fi goma na ranar farko.

Akwai binciken Susan Mudambi da David Schuff na 2010, a kan sharhi 1.587 na kaya shida a Amazon. Sun ga sharhi mai zurfin bayani shi mutane suka fi cewa ya amfane su. Ga kayan da sai an gwada ake sanin daɗinsu kuma, kamar waƙa ko wasan kwamfuta, sharhi matsakaici ya fi na gefe biyu amfani. Ni ma yanzu in na shiga Play Store ko Google Maps, masu tauraro 3 da 2 nake fara nema. Mai tauraro 3 yawanci yana da abin da ya so da abin da ya ƙi, dole ya faɗi duka biyun don ya kare ukunsa. A nan ake jin yoyon ɗaki.

Ko maɓallin nan da ake dannawa a ce sharhi "ya yi amfani" ba na sakin jiki da shi. Wanda ya riga zuwa shi ake gani a sama, wanda ake gani shi ake danna wa, wanda aka danna wa shi ke ƙara zama a sama. Mai Talata da magariba yana can ƙasa, ba wanda ya danna masa komai. Kuma wanda ya iya sayen baki 20 ba zai kasa sayen yatsa 20 ba.

Ni ma na taɓa ara wa maroƙi riga

Da na kawo wannan magana a fada, wata ƴar ajinmu ta tare ni. Ta ce: "Malam mai nahawu, ka san su wa ke sayar da kaya a WhatsApp da Facebook? Mu ne. Ni turare nake sayarwa in biya fotokofi. In na fara, ba ni da kowa, ƙawayena ba za su yaba mini ba? In wani ya zo ya rubuta aibin kayana a gaban duniya, ai ya kashe mini kasuwa. Ina kunya, ina zumunci?"

Ban iya ba ta amsa nan take ba, don maganarta ta taɓa ni. Shekara biyu da suka wuce ɗan yayata a Maraɗi ya fara sayar da takalma a Facebook. Ya turo mini saƙo: "Kawu, don Allah ka shiga ka ɗan yaba." Na shiga na rubuta cewa na saya, suna da ƙarko. Ban taɓa sa ko ƙafa ɗaya ba. A raina zumunci na yi. Sai bayan rairayin nan na tuna cewa wataƙila wani ɗalibi a Tawa ko Damagaram ya karanta "suna da ƙarko" ya tura kuɗin bursinsa. Ba a biya ni ko dala ba, amma rigar shaidar da na sa ta aro ce.

Ga amsar da zan ba ƴar'uwata yanzu. Ba wanda ya hana a yaba wa ɗan'uwa. A yaba da rigar gaskiya: "Ƙawata ce, na san ta da riƙon amana, ku gwada." Wannan magana ce mai kyau, mai karatu ya san daga inda ta fito, zai auna ta da ma'auninta. Abin da bai halatta ba shi ne "na saya" alhali ba a saya ba. Batun kunya kuma, mu tuna kunyar da muke ji ta mai kaya ce, don shi muke gani. Wanda zai saya bayanmu ba mu ganinsa, shi ya sa ba mu jin nauyinsa, amma shi ma ɗan wani ne, kuɗinsa ma da gumi aka samo su. Kuma faɗin aibi ba dole ya zama tozarci ba. "Ƙamshin yana da daɗi, amma bai wuce awa 2 a jikin tufa ba" bai kashe kasuwar kowa ba. Ya gaya wa mai saye abin da zai samu, ya gaya wa mai kaya abin da za ta gyara. Mai kayan kirki ma ita ta fi kowa cin riba in ana faɗin gaskiya, domin in kowa "mai amana ne", ita da mai rairayi sun zama ɗaya a idon baƙo.

Yanzu kafin in tura kuɗi, tambaya huɗu nake yi wa kowane sharhi. Wa ke magana, yana da wani tarihi ban da wannan yabon? Me ya faru da shi, a wace rana, bayan kwana nawa? Akwai abin da zan iya aunawa ko in gwada a cikin maganarsa? Da wa yake magana, da ni ko da mai kaya? In sharhi ya faɗi a duka huɗun, ba na cewa lalle ƙarya ne, ajiye shi kawai nake yi gefe kamar ban gani ba. In na ajiye na ga ba abin da ya rage, to cinikin biri a sama ne. Sai in ce a kawo in gani in gwada kafin in biya, ko in taka zuwa kasuwa inda zan riƙa kaya da hannuna, in kuma san rumfar da zan komo in abu ya ɓaci.

Na koma shafin ɗan yayata na goge abin da na rubuta, na kira shi na faɗa masa dalili. Bai ji daɗi ba, amma da na je hutu ya ba ni takalmi ɗaya ya ce in sa in faɗi abin da na gani. Na sa shi wata uku. Na rubuta cewa fatar tana da laushi, ba ta cin ƙafa, amma ɗinkin gefen dama ya fara saki a wata na biyu, na kai an gyara mini a kan dala 40. Ya kira ni yana ƙorafi, daga baya kuma ya canza mai yi masa ɗinki.

Roƙona gare ku, ƴan'uwa, in kun sayi abu a intanet, ku ɗan jira ya kwana biyu a hannunku, sannan ku koma ku rubuta layi uku: me kuka saya, nawa, me ya faru. Ku yi da Hausarku yadda ta zo, ba sai da ado ba. Ku yi addu'ar ƙarin kasuwa in kuna so, amma ku sa ta bayan bayani.

Allah ya tsare mana ɗan abin da ke aljihunmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa. Wassalam.